Farar Ƙasar da Muka Shafa wa Itatuwa Tara

Zuwa ga aminina Mushe Lawali,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ko da yake na san babu amsa, kuma na san ba za ka karanta takardar nan ba. Da kana raye ma ai da ba ka kai ƙarshenta ba sai ka ɗauko jan biro ka bi ta layi layi, kana cewa ɗan kasuwa bai iya komai ba sai surutu. To yau babu mai gyara mini, zan rubuta yadda ta zo bakina.

Wata uku ke nan da ƴan kwanaki da muka kai ka makwancinka. Zuwaira na nan cikin takaba, ta rame amma tana haƙuri. Iyayenta sun ce da ta fita za su ɗauke ta da yaran su koma Jiratawa, can ko ba komai akwai ruwan noman rani, ana samun ɗan ganye a sa a baki. An kawo wani sabon mushe da zai koyar da yara a lakwal ɗinku, ban ma so in san sunansa ba. Ruwa kuwa har yanzu shiru. Mutanen arewa sun cika bayan unguwar Zariya da bukkokin tabarma, duk safiya sai ka ga sababbi. In kamyon hatsi ya shigo gari, soja ne ke tsayawa da bulala a bakin layi, kuma kowa ya koyi yin magana ƙasa-ƙasa. Rumfata ta Sabon Gari ina buɗe ta ne kawai don kada in zauna gida.

Ba wannan ya sa na ɗauki biro ba. Akwai abin da na ɓoye maka kana kwance, kuma ya hana ni sakat.

Ka tuna ranar da ka zo mini da faifan roba, wanda Baturen nan da kuka koyar tare ya bar maka da zai tafi? Na yi maka dariya har da riƙe ciki. Na ce gardi da gemunsa zai je daji jifa da murfin kwano. Ka ce in dai zo in gani. Ka kai ni tuddan nan na bakin gulbi kafin a shiga garin Tsibiri, inda ƙasa ta tsattsage da kwazazzabai, ga sarƙaƙiya, ga ƙarangiya. Ka zaɓi itatuwa tara, gawo biyar, tsamiya biyu, kanya ɗaya, aduwa ɗaya. Ka ce daga nan za a jefa, inda faifai ya faɗi nan mutum zai tsaya ya sake jefawa, har ya bugi gindin itacen, sannan a wuce na gaba. Wanda jifansa ya fi kaɗan shi ya ci. Shekara huɗu muna yi duk Lahadi, kuma wallahi ban taɓa samun abin da ya shiga raina kamarsa ba.

Kai kana jifa a hankali, ka ɗan karkata faifan, iska ta ɗauke shi ya zagaye kanyar ya sauka inda kake so. Ni kuwa ƙarfi kawai na sani. Itace na uku, wanda ke hayin babban kwazazzabo, sau nawa na sauka ramin nan da gindi ina zage-zage, kai kana sama kana dariya? Kuma ba ka taɓa yarda in matsa ko taku ɗaya ba. Ko cikin ƙaya ya faɗi, sai ka ce nan zan tsaya. Wandona nawa ƙayar nan ta ci, Lawali, don taurin kanka?

Kai ka kawo shawarar farar ƙasa. Ka ce daga kan tudu ba a gane wane gawo ne namu, mu shafa wa kowane zobe fari a gindi daidai ƙirjin mutum. Muka yi, muna sabuntawa bayan kowace damina. Babu wanda ya kawo komai a ransa cikinmu.

Da damina ta ƙi, ka ga yadda dajin ya koma. Mutane na sare rassa su ba dabbobi, suna sare gindi su kai gari a matsayin itacen wuta don su ci abinci. Duk da tsoron masu gandun daji, yunwa ta fi ƙarfin tsoro. Kowane mako sai mun tarar an yi sabon fili. Amma namu tara ko ganye ba a taɓa ba. Kana ta mamaki, kana cewa Allah ne ke tsare mana su.

Sati na biyu da kwanciyarka, ka matsa mini in je in sabunta farar ƙasar, wai kada ka tashi ka tarar ta goge. Na hau babur da bokiti, ina sanye da rigar kaki ɗin nan tawa da baƙin tabarau. Ina cikin shafa wa babban gawon gangare, na bakwai, sai ga wani dattijo daga ƙauyen da ke bayan tudun. Sunansa Nomau. Tun daga nesa ya cire takalmi, ya zo ya durƙusa, yana ta ranka ya daɗe. Ya ce ya san itatuwan gwamnati ne, tunda ga fari a gindinsu irin na itatuwan bakin bariki da na hanyar da manya ke bi, kuma duk ƙauyensu babu mai gangancin taɓa su. Ya ce dabbobi uku suka rage masa, sa ɗaya da shanu biyu mata. Don girman Allah in ba shi izinin reshe biyu kawai na gawon, ga shi ya yi ganye shar, ga ƴaƴa.

A nan na gane abin da ke tsare mana itatuwa. Kalma ɗaya ta ishe ni, Lawali. In ce masa baba tashi, wasa ne muke yi, hau ka sara. Amma na dubi gawon, na tuna kai kana kwance kana ƙirga ranakun da za ka dawo, na kuma san in na buɗe baki yau, kafin Juma'a babu sauran itace tsaye. Sai na gyara tabarau, na ɗaure fuska, na ce masa an hana, kuma duk wanda ya taɓa, soja zai zo har gida ya ɗauke shi. Dattijon ya ce to, Allah ya huci zuciyata, ya ja da baya. Har godiya ya yi mini.

Da yamma na zo wurinka. Ka tambaye ni itatuwa, na ce lafiya lau. Ka yi murmushi ka ce ashe har yanzu akwai masu tausayin itace a duniya. Na ce ƙwarai kuwa. Me ya hana ni faɗa maka? Ba tausayinka ba ne, kada in yi maka ƙarya ta biyu. Tsoronka na ji. Na san da ka ji, ko da rarrafe sai ka sa an kai ka ƙauyen nan ka ba mutumin haƙuri, kuma da ba ka ƙara dubana da idon da ka saba ba. Kwana goma sha biyu bayan nan ka rasu, kana ɗaukata mutumin kirki.

Ban sake taka wurin ba sai makonni uku da suka wuce, da Zuwaira ta aiko mini da faifan a ƙunshe cikin ɗankwali, ta ce ni ya fi dacewa da shi. Na je ni kaɗai. Tun daga hanya nake hango itatuwanmu, su tara, tsaye a tsakiyar fili fetal, ko kututture an tone. Na jefa na fari, na jefa na biyu. Babu daɗi ko kaɗan, don babu mai ce mini na yi sata a ƙirge. Da na gangara na bakwai sai na tarar da Baba Nomau a durƙushe ƙarƙashinsa, yana tsintar ƴaƴan gawon da suka faɗo da kansu yana zubawa a hula. Ko girgiza reshe bai yi ba, ga sanda kuwa a gefensa. Yana ganina ya zubar da su ya fara rantsuwa cewa a ƙasa ya same su.

Na tambaye shi dabbobi. Ya ce san ya mutu, saniya ɗaya ta bi shi. Ta ƙarshen tana nan, amma ta kwanta, ba ta iya tashi da kanta. Ƴaƴansa maza duk sun tsallaka Najeriya neman abinci. In ta mutu, shi da matan gida da jikoki babu sauran abin da za su kira nasu.

Ka san ni da zafin kai, ban iya yin abu a hankali ba. Na ce ya kai ni wurin mai gari. A gaban dattawa na ajiye faifan a ƙasa na faɗi komai. Na ce ni ba kowa ba ne, ɗan kasuwa ne a Sabon Gari, ban taɓa aikin gwamnati ba, farar ƙasar nan ni da abokina muka shafa don mu riƙa hango inda za mu jefa wannan abin. Baba Nomau ya ɗauki faifan ya juya shi gaba da baya, ya tambaye ni ko abin neman abinci ne. Na ce a'a, wasa ne. Ya sake tambaya, wasa? Na ce wasa. Da ya zage ni ko ya kai mini sanda da na fi jin sauƙi. Ajiye shi kawai ya yi a inda ya ɗauka.

Kuma ka san wani abu? Duk da haka babu wanda ya yarda ya hau. Mai gari ya ce su ba su san gaskiyata ta yau daga ƙaryata ta jiya ba, kuma itace mai fari a gindi ba talaka ke fara sa masa gatari ba a wannan zamani. Wanda ya shafa shi zai kankare da hannunsa, shi zai yi saran fari a gaban kowa, in soja ya zo a san wanda za a nuna. Na ce na yarda. Na bi su ɗaya bayan ɗaya da guntun ƙarfe ina kankarewa, ƙauyen duka na biye da ni. Sannan na cire riga na hau na bakwai da gatarin aro. Rabona da hawan itace tun ina yaro, ƙaya ta yayyage ni, hannuna ya yi kanta ya fashe. Reshen da kake so ka ratsa faifai ta ƙarƙashinsa, shi na fara kayarwa.

Abin da na ji tsoro shi ya faru. Labari ya kai ƙauyukan da ke kewaye. Kwana goma ba a yi ba, gawo biyar sun zama gungume, an kayar da kanya da aduwa, tsamiya ɗaya ta tafi. Ɗaya ta rage a kan tudu, ita ma ba na sa rai. Wurinmu ya ƙare, Lawali, kuma ni na ƙarar da shi. Ban ga laifin kowa ba. Na ga mata na rige-rigen ganye da idona, na ga abin da suke goye da shi.

Ban san wanne za ka fi jin zafi ba, ƙaryar da na yi ko itatuwan da na bayar. Ina jin na sani, amma ina so in ji daga bakinka, kuma ba zan ji ba. Baba Nomau ma bai ce ya yafe mini ba. Na roƙe shi sau biyu, abin da yake cewa kawai Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ni da kai mun san wannan ba ita ce amsar ba, kuma ban isa in matsa masa ba.

Mai gari ya sa an ware wa Baba Nomau ganyen na bakwai da ƴaƴansa, aka shanya a kan rufin ɗaki, ana ba saniyar kaɗan-kaɗan. Saniyar da ta kwanta in ba a tada ta kullum ba, ƙafafunta mutuwa suke yi. Ana zura sanduna biyu ƙarƙashin cikinta, mutum huɗu su ɗaga, a riƙe ta har ta ji ƙasa. Maza uku suka rage masu ɗan ƙarfi a unguwarsu. Ni ne na huɗu. Duk safiya bayan salla nake hawa babur in je, in kama sandar baya ta hagu, wurin da kashi yake. Ka yi dariyarka, na ba ka izini.

Yau da na isa, na tarar mutanen tsaye a ƙofar garke da sanduna a hannu, ba su shiga ba. Na ɗauka ta mutu. Na leƙa, sai na gan ta tsaye da ƙafafunta, tana rawa kamar tsohuwa, tana jan ganye a kwando. Babu wanda ya taɓa ta. Na zauna a ƙasa cikin kashin shanu na yi kukan da na kasa yi ranar da aka binne ka, har Baba Nomau ya ce a kawo mini ruwa. Da uku ne tsaye a garken nan, in da na buɗe baki ranar da ya durƙusa mini. Ɗaya ce, kuma haka zan ɗauki abin har in zo inda kake.

Ka yafe mini, aminina. Allah ya jiƙanka, ya sanyaya makwancinka, ya ba mu ruwa bana.

Naka har mu haɗu,
Rabe na Sabon Gari