Zauren da Ya Ƙi Tsagewa

Sakkwato

Zuwa ga Yaya Indo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Inna. Kamfaninmu na zanen gine-gine, Shittu da Ɗiya, zai cika shekara arba'in, muna haɗa tarihinsa. Zan buɗe da zauren ƙasa da marigayi Baba ya gina a gidanmu na Wurno, tun yana magini. Ki aiko mini da hotonsa, yadda simintin da na sa aka shafe shi da shi zai fito sosai. Har yau ko tsaga babu, ina alfahari da aikin nan.

Ƙanenki,
Maccido

Wurno

Maccido,

Wa'alaikumus salam, muna lahiya. Ga hoto nan, zaure ya yi fes kamar asibiti. Amma tunda tarihi kake rubutawa, sa har da yaɓe. Ko ka manta? Kowace shekara kahin ruwa shi sauka, ɗan'uwanmu Sirajo shi taho daga Goronyo da ɗiyanshi, auta Ikilima daga Rabah, kai kuma da takalminka mai tsada muna yi maka dariya. Mu kwaɓa ƙasa, mu yaɓe bango da hannu, Inna na tuƙa tuwo tana faɗa.

Ka sa siminti don mu huta, mun kuwa huta. Babu wanda ya sake takowa, sai waya. Ni ma na yi murna a lokacin, ba kai kaɗai ba.

Inna ta tsufa ƙwarai. Da hadari ya fara haɗuwa sai ta dogara sanda, ta bi bango tana shafawa. Na ce, "Inna, mi kika biɗa?" Ta ce, "Tsaga nika biɗa, in samu dalilin kiran ɗiyana." Maganar ta ƙona mini rai.

Ka gaida iyali.
Indo

Sakkwato

Yaya,

Bayan gaisuwa, wasiƙarki ta hana ni sukuni. Ki shaida wa Inna zan zo da ma'aikata a kankare simintin, mu koma yaɓe. Bari dai in miƙa ginin da ke hannuna, sai bayan damina.

Allah ya bar zumunci.
Maccido

Wurno

Maccido,

Salam. Na buga wayarka, an ce kana wurin aiki. Kada ka wahalar da ma'aikata. Allah ya yi wa Inna rasuwa jiya. Sirajo da Ikilima sun iso, zaure ya cika maƙil, kai kaɗai ake jira.

Bangon yana nan lahiya lau.

Yayarka,
Indo