Sunan da Ban Taɓa Kira Ba

Litinin, 8 Agusta 1960
Yau kwana arba'in da rasuwar yaron. Ɗan fari ne, don haka ko a nan hannuna ya ƙi rubuta sunansa. Shekara tara ban kira shi ba, kunya. A ajina yake, amma in na zo kan layinsa a rajista sai in ɗaga kai kawai in buga alama. Zazzaɓin kwana uku ya ɗauke shi.

Alhamis, 18 Agusta
Kowa “sai haƙuri, Malam.” Har na fara jin haushin kalmar, Allah ya yafe mini. Matata Adama ta ce za ta koma gidansu a Miri bayan bikin 'yancin kai. Wai gidan nan ya zama kamar ba kowa. Na ce to. Abin da na iya cewa ke nan.

Talata, 23 Agusta
Ciwon kai ya kai ni ɗakin magani na Gwallaga. Malam Jesse, mai ba da magani, mutumin kudancin Bauchi ne. Ya dube ni, ya ajiye kwalbar da ke hannunsa. Ya ce, “Malam, layi ya ƙare, ga benci. In akwai magana ina ji, in babu mu zauna.” Muka zauna kamar kurame biyu. Bai ce mini haƙuri ba. Baƙon mutum.

Talata, 30 Agusta
Na koma. Kaina lafiya lau.

Talata, 6 Satumba
Na ɓata masa rabin sa'a da zancen allo da rufin aji mai yoyo, bai katse ni ba. Can na ji bakina yana cewa akwai gurbi a bencin gaba, na hana kowa zama. Ya ce, “Ka hana kowa zama.” Maganata ya maido mini, ba ƙari. Sai hawaye. Ni, malami guda, gaban ƙabilar mutum. Ya juya yana jera kwalabe har na gama.

Juma'a, 16 Satumba
Na tambaye shi kai tsaye, in hana Adama tafiya ko in bar ta? Ya ce, “Kai ka san gidanka, Malam. Me kake tsoro in ta zauna?” Na fita a fusace. Mutum ya zo neman shawara a sallame shi da tambaya.
Tsoron da nake yi, ta dube ni ta ga ban taɓa nuna wa yaron ina sonsa ba. Ina sonsa. Wallahi ina sonsa.

Talata, 27 Satumba
Na faɗa wa Jesse haka. Ya ce, “Wa kuma ya ji wannan?” Ba kowa.

Asabar, 1 Oktoba
Gari ya cika da kiɗa. Na raba wa yara tutoci, na zame na dawo gida da hantsi. Adama ta ɗaure kayanta, tana tsince wake a tsakar gida. Na jawo tabarma na zauna kusa da ita. Ban ce haƙuri ba. Ta ƙare faifai guda kafin ta buɗe baki. Ta yi zancen wandon yaron da ya yi masa kaɗan, da yadda yake ɓoye ƙuli-ƙuli a hula. Na bar ta tana yi.
Sai ta ce, “Bara ya tambaye ni, wai Baba ya san sunana kuwa? Na yi dariya na kore shi.”
Ban san lokacin da na faɗa ba, da ƙarfi, har maƙwabta ma sun ji.
Bakari. Bakari. Na sani, ɗana.

Lahadi, 2 Oktoba
Kayan na nan a ɗaure. Amma da safe ta kwance ƙulli ɗaya ta ciro tukunya.