Teburin Mai Gyaran Agogo

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, da maigidanki da yara, da aikin asibiti. Na zaɓi takarda ne don in ta waya ce za ki yi dariya kafin in kai ƙarshen magana.

Kin san wata tara ke nan Mamanku tana gidan kakarku. Jinya ta kai ta. Tsohuwa ta rasu wata uku da suka wuce, amma har yau ba ta dawo ba. Jiya ta aiko cewa ranar Asabar ta sama za ta zo ta ɗauki wasu kaya. Ɗauka ta ce, ban ji ta ce dawowa ba.

Ina so in shirya mata abincin yamma, daga ni sai ita. Na kwashe agogunan mutane da kayan gyarana daga kan teburin falo, na zuba a kwali. Ashe katakon ja ne, na manta. Bazara ta shigo, bishiyar bakin taga ta yi fure, zan yanko in sa a kwalba. Kifi zan soya. Ki faɗa mini, cokali a dama ake ajiye shi ko a hagu? Kuma ina take ɓoye farantan nan masu shuɗin baki?

Allah ya yi miki albarka.
Mahaifinki

*

Baba,

Ina gaishe ka da girmamawa, jikokinka ma suna gaisuwa. Ban yi dariya ba. To, na yi kaɗan, a wajen katakon.

Farantan suna saman kabad ɗin ɗaki, a naɗe cikin tsohon zane, farin mayafin tebur yana ƙarƙashinsu. Cokali da wuƙa a dama, mai yatsu a hagu. In ka juya su ma ba wanda zai kama ka.

Amma Baba, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Kada ka sa furen nan. Shi ke sa ta atishawa da jan ido duk bazara. Shi ya sa take rufe tagar, kai kuma ka buɗe don hasken aiki. Kifi kuwa ba ta cin sa. Don kai take soyawa, ita ta koma kicin ta sha shayi da burodi a tsaye.

Na je wajenta a watan jiya, na tambaye ta me ya zaunar da ita a gidan da ba kowa. Ta ce Kaka, har lokacin da ta daina gane mutane, kullum da safe sai ta tambaye ta ko ta ci abinci. Ta ce shekara talatin da huɗu tana ajiye maka faranti a gefen teburin nan, kana ce mata sannu ba ka ɗago ba. Ba ta ce ka cuce ta ba. Cewa ta yi ta gaji da kallon tsakiyar kanka.

Ba ta ce in gaya maka ba. In na yi rashin kunya ka yafe mini.

Ka huta lafiya.
'Yarka, Auta

*

Auta,

Na gaishe ki. Takardarki ta iso, na karanta sau uku. Ba ki yi rashin kunya ba.

Na bar fure a kan bishiyarsa, na rufe taga. Na ɗauki biro zan tambaye ki abin da take son ci, sai kunya ta kama ni. Kada ki gaya mini.

Mahaifinki

*

'Yata,

Ina gaishe ki da yara. Na san ke kika kai tsegumi, za mu haɗu.

Na iso da la'asar sakaliya. Na tarar da teburin nan fes, an shimfiɗa mayafina, gugar duk ta karkace. Faranti biyu, kofi biyu, kujeru suna kallon juna. Na leƙa kicin, babu komai a kan wuta. Babanku yana tsaye da sabuwar riga, ya rasa inda zai sa hannunsa.

Ya ce, "Ban dafa komai ba, don ban san abin da kike so ba. Ki faɗa mini."

Auta, sai na ja kujera na zauna. Na daɗe ina tunani, ashe ni ma na manta. Daga ƙarshe na ce ƙwai da dankali. Ya shiga kicin, na farko da ya soya ya ƙone ƙurmus, ina jin ƙauri, ƙafata har ƙaiƙayi take, amma ban tashi ba. Na biyu ya ciwu.

Da muka zauna ya tambaye ni yadda kwanakin Kaka na ƙarshe suka kasance. Kowa ya yi mini gaisuwa, amma ba wanda ya taɓa tambayata wannan. Na yi ta magana har abinci ya huce, na yi kukan da ban yi ba ranar rasuwar. Bai ce in yi haƙuri ba. Ya dai zauna yana saurare.

Abinci ɗaya ba ya gyara shekara talatin da huɗu, na gaya masa haka, ya ce ya sani.

Ki kira maƙwabciyar gidan Kaka, ki ce ta ci gaba da ba kajina abinci har mako guda. Mako guda na ce. Kada ki ƙara mini ko kwana ɗaya.

Mamanki