Jirgin Yaya da Rabin Wuta

Asabar, 4 ga Mayu

Allah ya yi wa wanda ya ƙirƙiro jirgin ruwan wasa albarka. Mutum ne mai hangen nesa. Ya duba ya ga dattawa sun yi yawa a ƙofar gida suna sa wa mutane ido, sai ya ƙera musu jirgi mai tsawon kamu ɗaya, ya ba su rimot, ya kora su bakin tafki. Yau na gan su da idona a lambun shaƙatawa. Masu furfura jere a kan dakalin siminti, kowa ya turo baki yana murza ɗan sitiyari, ka rantse fasinja ya ɗauko. Cikinsu har da Yaya. Yayana, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana jan doguwar bas, wanda in ya danna ham 'yan tasha ke gane shi tun bai ɓullo ba.

Ban yi dariya ba. To, na yi, amma a ciki.

Dole in kama bakina. Tun da ciwon shanyewar jiki ya taɓa masa ɓarin hagu, 'ya'yansa suka karɓe makullin mota, Yaya ya shige ɗaki ya ja ƙofa wata da watanni. Babbar 'yarsa ce ta aiko da jirgin, wai likita ya ce yatsun na son aiki. Abin da roƙo ya kasa, abin wasa ya yi.

Talata, 7 ga Mayu

Ya zo shagona da ƙafarsa, jirgin a leda. Ya ture caja da batura daga kan tebur ya ajiye shi kamar mara lafiya.

"Auta, injin nan ba shi da rai." Gemuna ya fara fari amma har gobe ni Auta ne. Wai Mai Kemis, wani tsohon mai sayar da magani da ke da farin jirgi, yana wuce shi har yana ɗaga masa hannu. "Ni! A ɗaga mini hannu a kan hanya!"

Na ce a kan ruwa dai, Yaya. Ya harare ni.

Babban inji yake so. Na ce an gama. A layinmu ko ƙahon zomo ka zo nema ba a ce maka babu, sai dai a ce ka dawo jibi.

Alhamis, 9 ga Mayu

Mai Fanka, maƙwabcin shagona mai gyaran fanka, ya buɗe cikin jirgin. Ya ce canza inji kaɗai kamar sa wa gurgu takalmin gudu ne. Sai an ƙara babban batir, da farfelar da ta dace, da siririn bututun da zai riƙa zagayo da ruwa yana sanyaya injin, in ba haka ba soya shi za mu yi. Ashe abin wasa ma yana da dangi masu cin abinci. Na aika a kawo duka.

Litinin, 13 ga Mayu

Matar Yaya ta zo. Anti ba ta taka layinmu a banza. Ta ƙi zama, ta ƙi ruwa.

Ta ce hannun nan har yanzu rawa yake, ita ke goge shayin da ke zubewa. In jirgin ya yi gudun da ya fi ƙarfinsa ya je ya daki bango a gaban tsofaffin nan, ɗaki zai koma. "Kuma wannan karon sai dai a fito da shi a kwance." Ta faɗa ba ta ko ƙifta ido ba.

Sai ta kawo ta inda ta san ina da rauni: "Kai da za ka iya sayar wa makaho madubi, ka kasa yi wa yayanka dabara?"

Yabo ne ko zagi, ban tsaya tantancewa ba. Ya yi mini daɗi.

Laraba, 15 ga Mayu

Kaya sun iso, mun ɗaura. Ko a kan tebur, in aka ja kunamar rimot mai ba injin wuta, farfelar kuka take kamar zanzaro ya shiga kwalba.

Mai Fanka ne ya nuna mini wani ɗan maɓalli a ƙarƙashin murfin batirin rimot. Sama, cikakkiyar wuta. Ƙasa, rabi, don 'yan koyo. Na tura shi ƙasa na liƙe da sitika. Mai Fanka ya juya baya ya ce shi bai ga komai ba, fanka yake naɗi.

Ba ƙarya ba ce. Injin sabo ne, Allah shaida. Rabin sabon ma ya fi tsohon gaba ɗayansa. A kasuwa ba ma ƙarya, gaskiya muke aunawa daidai aljihun mai saye.

Asabar, 18 ga Mayu

Hannuna ma ba ya son rubuta wannan.

Jirgin ya yi gudu. Kafaɗa da kafaɗa da na Mai Kemis, har ya ɗan leƙa gaba. Ni ina ta tafi kamar ɗan kore. Da na waiwaya sai na ga Yaya ba jirgin yake kallo ba. Ya karkatar da kai, ya lumshe ido. Saurare yake.

Ya dawo da shi bakin ruwa, ya ɗaga shi sama, ya ja kunama har ƙarshe. Ya ce, "Injin nan da sauran magana a bakinsa. Wa ya shaƙe shi?"

Na buɗe baki, kalamai suka zubo da kansu: sabon inji ne, sai ya saba, batirin bai gama nuna ba. Irin maganar da nake yi wa baƙi. Ya juya rimot, ya zare murfi, ya sa farce. Sitikar shagona ce, da sunan shagon ɓaro-ɓaro a jiki. Wayon a ci, an kori kare daga gindin ɗinya.

Ya ce kamfani ya taɓa ɗaure musu motoci don kada su wuce wani gudu, kuma ko a barci ya san kukan injin da aka ɗaure. Ya faɗa a hankali, da ma ya yi ihu.

Sai ya miƙo mini rimot ɗin. "Riƙe, Auta. Ka kai wa yaran su haɗa da makullin."

Ya tafi. Ya bar ni rungume da jirgi yana ɗiga a rigata, Mai Kemis ya sami wani abin kallo a can cikin ruwa.

Lahadi, 19 ga Mayu

Ƙofar ɗakin Yaya a rufe.

Laraba, 22 ga Mayu

Anti ta ce abinci yadda ya shiga haka yake fitowa. Ba ta ce laifina ne ba, ban ce nata ne ba. Mun tsaya a tsakar gida kamar ɓarayin da suka saci buhun da babu komai a ciki.

Jirgin na kan kanta a shago. Wani ya tambayi nawa, na daka masa tsawa. Ni, na kori mai saye!

Abin da ke ta dawo mini: ranar da Yaya ya koya mini keke. Ya riƙe sirdi yana gudu a bayana, sai ya ce, "Zan saki." Bai saki a ɓoye ba, sai da ya faɗa. Na je na afka kwata. Ya tsamo ni ya ce, "To, yanzu ka san inda kwata take."

Juma'a, 24 ga Mayu

Na je. Duk hanya ina shirya jawabi mai kai da ƙafa, da na tsaya a ƙofar sai ya zube. Na ɓare sauran sitikar, na tura maɓallin sama, na ajiye rimot a bakin ƙofa.

Na ce, "Yaya, na kwance shi. Wutar duka. In ka fasa shi, naka ka fasa."

Har na juya.

Sai daga ciki: "Ka sa batirin a caji, ko shi ma rabi ka ba shi?"

Anti ta bi ni har waje da ido. Na ce Anti, mun gwada dabararki, ga inda ta kai mu. Ta ce in wani abu ya faru kada in ƙara taka mata gida. Na ce na ji.

Asabar, 25 ga Mayu

Bari in rubuta tun ban huce ba.

Ya ja kunama. Jirgin ya ɗaga hanci sama ya tsaga ruwa kamar ana yaga sabon yadi. Farin jirgin Mai Kemis kuwa kamar an kafa shi da ƙusa. Tsofaffi suka miƙe tsaye. Ni hannun Yaya nake kallo, yana ɓari a kan ɗan sitiyarin nan, ga bangon can ƙetare yana tahowa. Ya murza da ƙarfi. Jirgin ya yi tsalle, ya juya a iska, ya faɗo ciki a sama.

Na ce shi ke nan, Anti ta gama da ni.

Ban san lokacin da na faɗa ruwan ba. Da rigata ta zuwa ɗaurin aure, da waya a aljihu, ni mai yi wa mutane wa'azin kada su kai waya kusa da ruwa. Har ƙirji. Taɓo ya cinye mini takalmi ɗaya. Na dawo ɗauke da jirgi a ka, tsofaffin banza suna ta ƙyaƙyata dariya, wani yana cewa a ba ni lasisin ceto.

Na kasa kallon fuskar Yaya. Shi ya fara magana.

"Laifina ne. Na shiga kwana ban saki totur ba. Ko yaron mota ba zai yi haka ba."

Na ɗaga kai. Wallahi kamar mai tsotsar zuma yake faɗa. Ya ƙara maimaitawa ga Mai Kemis, laifina ne, malam, ka gani ai. Sai a hanya na gane. Tun da ya kwanta, in shayi ya zube a ce ciwo ne, in ya yi tuntuɓe a ce ciwo ne. An ƙwace masa mota, an haɗa da kuskure an ƙwace. Yau ya samu nasa na kansa.

Yana zazzage ruwan cikin jirgin yana faɗa: wa ya ajiye batir can baya? Kaya a gindi, hanci a sama, a ina aka koya mana lodi? A matso da shi gaba.

Litinin, 27 ga Mayu

Mun baje kayan cikin jirgin a gaban fankar Mai Fanka suna bushewa. Yaya ya ƙwace kujerata yana ba da umarni, har yana gaya wa masu saye wace caja ce ba ta da kyau. Zai kashe mini kasuwa.

Anti ba ta yi mini magana ba. Amma kwanon da ta aiko wa mijinta, cokali biyu ne a ciki.

Asabar, 8 ga Yuni

Yanzu da kansa yake sassauta yatsa kafin kwana, in ya miƙe ya ba shi wuta. Jirgin ya sake kifewa, sai dai na yi wayo, da doguwar gora nake zuwa. Shago kuwa safiyar Asabar dama ba wani ciniki ake yi ba. Kowa ya sani. Mai Fanka ne kawai ke musu.

Wani koren jirgi ya shigo cikin kayan da na yi oda. Haja ce. Na ɗaura masa irin injin Yaya ne kawai don ɗan kasuwa ya kamata ya san abin da yake sayarwa. Na gwada shi yau, saura kaɗan in aske farin jirgin Mai Kemis. Yaya ya karɓi rimot ɗina, ya zare murfi a gabana, ya tura maɓallin ƙasa. "Rabi tukuna, Auta. Hannunka bai nuna ba." Ban mayar da shi sama ba.

Har yanzu ban sa masa farashi ba, kuma na ba mai fenti ya rubuta masa suna a gefe. Kayan da mai shi ya raɗa wa suna, ya kuma ɓoye a ƙarƙashin kanta in mai saye ya shigo, a wane layi na kasuwa ake kiransa haja?