Namijin da Bappa Goni Ya Saka

Sarkin Dawaki, Jalingo
Litinin, 14 ga Oktoba, 2024, ƙarfe 7:40 na safe

Zuwa ga Bappa Goni,

Assalamu alaikum. Ina fatan ka isa Bali lafiya, ka tarar da su Inna lafiya.

Bappa, yanzu na shiga ɗakin baƙi inda ka kwana, na tarar da kwalbar gizo-gizona a buɗe, ba komai a ciki. Hajiya ta ce kai ka buɗe da asuba. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Gizo-gizon da ke ciki ba irin na bango ba ne. A wani kogo bayan Kona na samo shi, fari fat, ba shi da ido ko ɗaya. Malamina na jami'a, Dokta Manga, yana zaton ba a taɓa rubuta irinsa ba. Amma ba za a ba shi suna ba sai an duba gaɓoɓin balagaggen namiji. Mata nake ta samu. Wannan kaɗai ne namiji, kuma saura saɓa ɗaya ya balaga, shi ya sa nake kiwonsa.

Don Allah a ina ka sake shi? Ka ba direban da ya kawo wannan wasiƙa amsa.

'Yarka,
Khairiyya

Bali, Talata

Khairiyya 'yata,

Wa alaikumus salam. Mun iso lafiya, Inna tana gaishe ki.

Ni na buɗe. Uwarki ta gaya mini da zarar ya girma za ki nutsar da shi a sifirit. Wannan ne karatun da aka yi shekara huɗu ana yi? Halittar da ta yi saƙa a bakin kogo ta rufa wa Manzon Allah (SAW) asiri, ita za ki jiƙa kamar tsimi? Ga shi makaho kuma.

Kwantar da hankalinki, ban yar da shi a tsakar gida kaji su tsince ba. A kwalin ashana na ɗauko shi, na sa direba ya tsaya gindin wani dutse a hanya, na sa shi a rami. Kogo ai kogo ne.

Allah ya yi miki albarka.
Goni

Jalingo, Laraba

Bappa,

Bayan gaisuwa, kogo ba kogo ba ne. Nasu akwai laima, hasken rana ba ya shiga. Ramin gefen titi zai busar da shi.

Akwai abin da ban faɗa ba. Masu fasa dutse sun iso gindin dutsen da kogon yake, sun shafa masa jan fenti, alamar za su fasa shi. Dokta ya ce in muka tabbatar sabon jinsi ne, muna da hujjar neman a dakatar da su. Ba namiji, ba hujja. Ka ceci ɗaya, Bappa. Sauran suna ƙarƙashin nakiya.

Ka yi haƙuri da kaifin harshena, amma ban janye ko kalma ɗaya ba.

Khairiyya

Jalingo, Asabar, 19 ga Oktoba

Ranka ya daɗe Dokta,

Barka da aiki. Na koma kogon jiya, ban sami namiji ba. A bakin kogon kuwa na tarar da Bappana a kan buzu, da butarsa da carbi. Bai ba ni haƙuri ba. Cewa ya yi in na sami wani in kawo ya gani tukuna.

Ga abin da ban sani ba har yanzu:

Ko namijin farko yana raye.
Ko akwai wani a can ƙuryar da ban iya kutsawa ba.
Ko Bappa zai bar ni in fito da shi in na samu.
Ko a duk masu fasa dutsen nan akwai mai ƙarfin halin cewa Goni ya tashi daga bakin kogon. Shugabansu dai ya je tashinsa sau biyu, ya dawo da addu'a.

Ɗalibarka,
Khairiyya