Rasuwar Malama Damaris Silvanus, Mai Jar Tuta

Cikin alhini, Ƙungiyar Wasan Kwaikwayo ta Mahaɗar Jirgi, Kafanchan, ta samu labarin rasuwar uwarta kuma shugabarta ta farko, Malama Damaris Silvanus, tsohuwar shugabar makarantar firamare, wadda Ubangiji ya kira ranar Talata tana da shekara sittin da takwas.

Marigayiyar ce ta tsara wasan barkwancin nan, "Jirgi Bai Iso Ba", mai yi wa masu toshe bakin jama'a ba'a. Da kwamitin da ke ba da izinin hawa dandali ya soke layi arba'in da ɗaya daga rubutun, sai ta ɗauko jar tutar mahaifinta, tsohon ma'aikacin reluwe. Duk inda aka zo layin da aka soke, takan ɗaga tutar, irin wadda ake tsayar da jirgin ƙasa da ita, 'yan wasa su tsaya cak, su yi shiru daidai tsawon maganar. Kafin shekara ta zagayo, 'yan kallo daga Kafanchan har Sabon Tasha sun haddace layukan, su ne ke faɗinsu da ƙarfi a cikin shirun. Sau uku ana rufe mana zaure, sau ɗaya aka kwashe kayan wasanmu, har yau ba a dawo da su ba.

Don haka ƙungiya ta yi takaicin wasiƙar da kwamitin ya aiko jiya, yana kiran marigayiyar "abin alfaharinmu", yana neman a ba Mai Girma Shugabansa damar jawabi a taron tunawa da ita ranar Asabar, bisa sharaɗin a yi wasan ba tare da tutar ba. Mun ƙi wannan sharaɗi, ko da zai jawo a sake rufe mana zaure. Wanda ya hana ta magana tana raye ba shi zai tsara mana yadda za mu tuna da ita ba.

Muna addu'a Ubangiji ya ta'azantar da maigidanta, Dattijo Silvanus, da 'yarta Afiniki, da jikokinta, ya ba su ƙarfin jure wannan rashi.

An ware wa Mai Girma Shugaban minti biyar kamar yadda ya nema. Afiniki za ta zauna a layin gaba, da tutar a hannunta.

Leonard Patrick
Sakataren Yaɗa Labarai