Dogo a Kujerar Gajere

Malama Yasmina, don Allah ki taimake ni da shawara, ciwon baya na neman raba ni da hanyar abincina.

Ni mutumin Tawa ne, ina tuƙa ƙaramar bas a nan birnin Sabha inda na zo ci-rani, daga unguwar Sukra zuwa kasuwa, in zaga ta jami'a in dawo, tun safe har magariba. Motar ta Alhaji Awad ce, wani dattijo ɗan garin. Mutumin kirki ne wallahi, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Shi ya tuƙa ta shekara da shekaru kafin idonsa ya raunana, kuma ranar da ya miƙa mini makulli ya ce in riƙe masa ita yadda na same ta. Na kuwa riƙe. Ko carbin da ke rataye a madubi ban taɓa ba, balle kujera, alhali shi gajere ne, ni kuwa tun ina yaro Dogo ake kirana. Haka nake wuni gwiwoyina na gugar sitiyari.

Yanzu ƙugu da wuya da gwiwar hagu duk sun ɗauka. In zan sauko sai na dafa ƙofa kamar tsoho. Abin da ya fi ƙona mini rai, ruku'u ya fara gagarata. Juma'ar da ta wuce a zaune na yi salla, har na yi hawaye. Na ɗaure ƙugu da rawani, na shafa man zafi, a banza. Abokina Moutari ya kawo mini wasu ƙwayoyi, wai direbobin Sahara su suke sha, ban dai sha ba tukuna. Alhaji kuma ban gaya masa ba, ina tsoron ya ce na gaza ya ba wani motar, ga iyali can gida sun zuba mini ido. Yaya zan yi?

Dogon Sukra, Sabha

Sannu Dogo, Allah ya ba ka lafiya. Riƙon amanarka ya burge ni, amma ka wuce gona da iri. Alhaji cewa ya yi ka kula da motarsa, bai ce ka naɗe kanka a ciki kamar tabarma ba. Gobe da safe ka ja kujerar nan baya har gwiwoyinka su sake, ka tokare ƙugu da ɗan matashi. Duk lokacin da kake jiran fasinja, sauko ka taka, ka miƙe jiki.

Ƙwayoyin Moutari ka mayar masa. Rufe ciwo suke yi, su bar mutum da jaraba, ga rayukan jama'a a hannunka. Je ka likita ya duba ka, kuma in ƙafa ta fara mutuwa ko ta yi rauni, kada ka jira gobe.

Tsoronka ba na banza ba ne, baƙo dole ya yi taka-tsantsan da aikinsa. Amma mutumin da ya tsufa a kujerar nan ya san ciwon bayan direba fiye da ni da kai, kuma ba kullum ake samun wanda ko carbi ba zai taɓa ba. Ka gaya masa tun kana iya tuƙi, kafin kwanciya ta gaya masa.

Allah ya nuna mana ranar da za ka sake kai goshinka ƙasa a cikin sahu.